Hajime no Ippo: zango na farko ne gwani, ko sabawa ce ke ruɗar mu?

Nura Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan gida. Na kammala Hajime no Ippo, anime ɗin nan (katun ɗin Jafan) na ɗan dambe Ippo, kaf, zango ukun duka, har da fim ɗin Champion Road da na damben Mashiba da Kimura, kuma bakina da magana. Zango na farko, wanda kamfanin Madhouse ya fara fitarwa a Oktoban 2000, ya fi na biyu, New Challenger na 2009, da na uku, Rising na 2013, nesa ba kusa ba. Na san hotonsa tsoho ne, launinsa a dushe, bai ma cika faɗin allon wayar yanzu ba. Amma naushi guda na Sendo, abokin hamayyar Ippo, a wancan zangon ya fi zauna mini a ƙirji fiye da duk ƙyalƙyalin da aka zuba a Rising. Dalilina kuwa, a zango na farko ba a gaggawa. Kashi 76 aka ba shi. Kafin Ippo ya hau ringi da mutum sai an kai ka gidan mutumin, ka ga sana'arsa, ka san wanda ke jiran ya dawo. Rising kashi 25 ne kacal, aka cusa masa manyan dambe huɗu, aka ƙara da labarin bayan yaƙin duniya. Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki.

Khalifa KD: Wa alaikumus salam. Yaya Nura, da girmanka, wannan son tsohon abu ne kawai. Na fara zango na farkon nan, ban kai ko'ina ba na ajiye. Hoto ya tsaya cak, a ja layuka a bayansa, a girgiza kyamara, wai an yi naushi. 'Yan kallo kuma duk gumaka ne, baki kawai ke motsi. Mu da muka taso da ayyukan kamfanin MAPPA ba za mu iya wannan ba.

Nura Gwammaja: Ƙanena, a ina ka tsaya?

Khalifa KD: Wajen da yake ta kama ganyen bishiya, da ɗan abin da ya biyo baya.

Nura Gwammaja: To ai ko takalmi ba ka cire ba, a bakin ƙofa ka juya. Kuma Rising ɗin da nake kuka da shi, da hannun MAPPA ɗin taka a ciki, su da Madhouse suka haɗu suka yi shi.

Ummi Mai Zane: Bari in sa baki, tunda abin ya zo fagena. Khalifa, abin da ka gani gaskiya ne, hukuncin da ka yanke ne ban yarda da shi ba.

A daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ke wucewa. Babu anime na talabijin da ke zana sabon hoto 24 a kowace daƙiƙa daga farko har ƙarshe, ko na jiya ko na yau. Yawanci zane 12 ne ko 8, wani wurin ma zane ɗaya ake riƙewa a bar murya ta yi aiki. Shirin da ke fita duk mako har shekara ɗaya da rabi dole ya yi tsimi. Saboda haka tambayar ba ita ce “an tsayar da hoto?” ba. Tambayar ita ce a ina aka tsayar, a ina kuma aka kashe ƙarfin masu zane.

Ka duba ranar da Ippo ya fara yin salon naushinsa na Dempsey Roll a kan Ponchai, ɗan Thailand. Kansa na lilo hagu da dama kamar lamba 8 a kwance. In ka tsayar da bidiyon kana matsawa kaɗan-kaɗan, za ka ga zanen 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa, ana ƙara musu sauri. Abin da ya sa tsigar jikinka ke tashi abu uku ne da ba su da tsada. An sa maka kyamara a idon wanda za a daka, sai ka ga Ippo ya ɓace daga gabanka, ya ɓullo ta gefe. An ɗora ƙarar da ke hawa sama-sama irin ta injin jirgi lokacin tashi. Sannan da naushin ya sauka, sai a riƙe hoton na ɗan ƙiftawar ido kafin kan mutumin ya wulwula. Wannan ɗan tsaikon shi ne nauyin. In ka cire shi ka cike wurin da zane mai santsi, hannu zai wuce kamar bai taɓa komai ba. Satoshi Nishimura, daraktan zango na farko, ya san wannan sarai.

Ka kuma saurari ƙarar takalmi a kan shimfiɗar ringi, wannan ƙiiƙ-ƙiiƙ ɗin. Ko ba a nuna ƙafa ba ka san mutum ya dasa ta, naushi na tafe.

Khalifa KD: Anti Ummi, na ji. Amma ai dabarar talauci ce kike yaba wa.

Ummi Mai Zane: Dabarar talauci ce, eh. Mai kuɗin da bai iya ta ba fa, me za mu kira tasa?

Mubarak Jos: Kuma ba Ippo ya ƙirƙiro ta ba. Duk mai son sanin asalin abin ya koma Ashita no Joe. Littafin zanen ya fara fita a 1968, anime ɗin a 1970, Osamu Dezaki ne darakta. Shi ne ya shahara da daskarar da hoto a tsakiyar tashin hankali, ya mayar da shi zanen fenti mai kaushi, da kuma nuna naushi ɗaya sau uku a jere. Da 'yan zane kaɗan ya gigita ƙasar Jafan. Lokacin da Rikiishi, abokin hamayyar Joe, ya mutu a labarin, sai da aka yi masa taron makoki na gaske a ofishin kamfanin Kodansha a Tokyo, cikin Maris 1970, mutane suka cika wurin. Mutumin da babu shi sai a takarda! Ni a wajena duk wannan musun naku na Ippo musun jikoki ne, kakan na nan zaune.

Sani Admin: Mubarak, ka fara fasa ƙwai. Akwai waɗanda ba su kalla ba.

Mubarak Jos: Ranka ya daɗe, mutuwar da ta haura shekara hamsin ai ta zama tarihi.

Baffa Ado: Salamu alaikum yarana. Ni ba ɗan katun ba ne, ɗana ne ya sa mini wannan a waya, ya ce tunda ina son dambe in gwada. Mu mun kalli Tyson a kaset, lokacin yana tashe. Abin da ya riƙe ni shi ne wanda ya rubuta labarin nan ya san dambe, ba ji ya yi a gari ba. Daga baya yaron ya gaya mini George Morikawa yana da gidan horar da 'yan dambe nasa na kansa a Tokyo, har yakan tsaya wa yaransa a kusurwa. Na ce biri ya yi kama da mutum.

Yadda Ippo ke manna safar hannu biyu a kumatu yana kutsawa ciki, salon da Cus D'Amato ya koya wa Tyson ne. Naushin da yake durƙusawa ya zabura da shi, na Floyd Patterson ne, shi ma yaron D'Amato. Mashiba da ke sake hannun hagu ƙasa yana lilo da shi yana tsula wa mutum kamar bulala, Thomas Hearns ne sak, har tsawon. Naushin Sendo da ke tasowa a karkace daga ƙasa na Razor Ruddock ne, wanda ya kara da Tyson sau biyu a 1991. Har tsallen kwaɗon da Aoki, abokin atisayen Ippo, ke yi kuna dariya, akwai Bajafanen da ya yi shi da gaske, Koichi Wajima, kuma ya riƙe kambun duniya. Shi kansa Jack Dempsey da aka ara sunansa, a 1919 ya karɓe kambun masu nauyi daga hannun Jess Willard, ƙaton da ya fi shi girma sosai.

Abin da ya fi burge ni shi ne dukan hanta. Sun nuna shi daidai. Ba nan take mutum ke faɗuwa ba. Sai ya ɗan tsaya kamar ba abin da ya faru, sannan numfashi ya ɗauke, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa. Kuma dukan cikin da aka yi a zagaye na biyu, a zagaye na biyar ake cin ribarsa. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da ringi ba ba zai rubuta haka ba.

Nura Gwammaja: Allah ya ƙara girma Baffa. Ka gama mana magana.

Baffa Ado: A'a, ban gama ba, kada ka yi saurin murna. Dukan da yaron nan ke sha a ka, babu alƙalin wasa mai tsoron Allah da zai bari a ci gaba. Ido ya rufe, an kai shi ƙasa sau biyu sau uku, kocinsa na riƙe da tawul yana ta wa'azin ƙarfin zuciya. A zahiri wannan hanyar asibiti ce. Nan kam sun yi son kai don labari ya yi daɗi.

Hafsat Zariya: Yawwa Baffa, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni matsalata ba zane ba ce, labarin ne. Ku cire son rai ku duba: a daki Ippo har ya kusa mutuwa, ya tuna gudun da ya yi a bakin kogi da muryar koci, ya miƙe, ya yi naushi, a ɗaga hannunsa. Sau nawa? Tun kafin a buga ƙararrawa na san ƙarshen. Ga Kumi, ƙanwar Mashiba. An kawo ta tun zango na farko, har aka gama Rising ba ta da aikin da ya wuce zuwa kallo tana riƙe ƙirji, yayanta na zare ido a bayan ƙofa. Mahaifiyar Ippo ma, matar da ke riƙe da sana'ar jirgin kamun kifi ita kaɗai bayan mijinta ya rasu a teku, ta fi rabin mazan shirin labari, amma sai a gefe ake ganinta. Ban da barkwancin banɗaki na su Takamura, babban yayan su Ippo a gidan dambe, wanda in yara na kusa sai kin yi wuf kin kife wayar.

Nura Gwammaja: Malama Hafsat, batun Kumi da barkwancin nan ba ni da ta cewa. Amma cewa kin san ƙarshe tun farko, a nan za mu raba hanya. Ippo ya sha kashi a hannun Date Eiji a damben neman kambun Jafan, can gaba a zango na farko, lokacin da kowa ya sakankance. Miyata, wanda aka shafe kashi da kashi ana gina mana cewa shi da Ippo za su haɗu a wasan ƙarshe na sababbin 'yan dambe, Mashiba ya taka masa ƙafa, ya fitar da shi. Alƙawarin da aka yi mana ke nan aka karya da gangan.

Kuma ko a inda kin san Ippo zai ci, ba nan daɗin yake ba. Ɗauki Kobashi. Ba shi da ƙarfi, ba shi da suna, shi kansa ya san haka. Dabararsa ya ɗan taɓa ka ya rungume, ya taɓa ya rungume, 'yan kallo na yi masa ihu, shi kuwa maki yake tarawa. Ya gajiyar da Ippo, yana kan gaba, saura kaɗan a tashi. Sai naushinsa guda ya sauka daram a fuskar Ippo, ya ji wani abu a dunƙulen hannunsa da bai taɓa ji ba tunda ya fara dambe. Kusurwarsa na cewa ya ja baya ya ƙarasa da maki, shi kuwa zuciyarsa ta ce sau ɗaya dai a rayuwa in kayar da mutum. Ya shiga. Aka kwantar da shi. Wannan damben ba labarin Ippo ba ne, na Kobashi ne, Ippo katangar da ya yi karo da ita ce kawai. Haka aka gina yawancin zango na farko, shi ya sa nake cewa lokaci ne sirrinsa. In ba a ba ka kashi biyu kana zaune da Kobashi ba, faɗuwarsa ba za ta dame ka ba.

Hafsat Zariya: Na Kobashi na yarda. Na Volg ma. Yaron da aka ɗauko daga Rasha, mahaifiyarsa ba lafiya, ya faɗi a hannun Ippo, ya zo ya yi kankankan da Sendo alƙalai suka ba ɗan gida, gidan damben da ya kawo shi ya sallame shi. Inda ya miƙa wa Ippo tsofaffin safar hannunsa a filin jirgi, ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba. Amma ka lura, duk misalanka na waɗanda suka faɗi ne. Wato kai ma ka yarda jarumin shi ne mafi ƙarancin armashi a shirinsa.

Nura Gwammaja: Ban ce haka ba!

Hafsat Zariya: Ba ka faɗa ba, misalanka sun faɗa.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan da fassarar Faransanci munka kalle shi, kuma musun ga naku mu ma mun yi shi. Ni abin da zan ce, duk wanda ya san gidan dambe na gargajiya ya san amsar. Kisa daƙiƙa guda ne. Abin da ka tara mutane shi ne abin da anka yi kafin nan: kiɗa, kirari, ɗaurin zare, zagayen da 'yan dambe ka yi suna auna juna, da sanin da kay yi cewa wane ya kashe ubangidan wane bara. In anka cire wannan anka nuna maka kisan kaɗai a waya, sai ka ce to, shi ke nan? Zango na farko ya bar makaɗa sun yi aikinsu. Rising kisa sunka jera muna.

Abba Fagge: Ɗan Maraɗi ka kashe bakin kowa. Amma ku yi adalci, New Challenger fa? Nura ya haɗa shi da Rising ya yi musu kuɗin goro. Damben Takamura da Bryan Hawk ni ban ga kamarsa ba a zango ukun. Kuma abin da Nura ke nema na shimfiɗa, an yi shi a nan. Mun ga Takamura, mutumin da jikinsa na masu nauyi ne, yana matse kansa ya sauko ƙasa da kilo 70. Leɓe ya tsage, fata ta bushe, yana tauna busasshen naman kaza don ya tsotso sauran yawun bakinsa ya tofar. Mutumin da kullum shi ne uban shaƙiyanci ya koma ba ya ko magana. Ga Hawk ya mari tsoho Kamogawa, kocin su Ippo, a gaban 'yan jarida. Kafin a hau ringi kai mai kallo ka riga ka ƙulle. Da aka fara kuma, yadda aka zana Hawk yana kwantar da bayansa kamar ba ƙashi a jikinsa yana jefo naushi daga ƙasa, wannan motsi ne na gaske Khalifa, ba layuka ba.

Ummi Mai Zane: Abba ya yi gaskiya. Ta fuskar zane zalla, damben Hawk ne ƙololuwa. Jun Shishido ne ya karɓi aikin darakta daga New Challenger, layukan suka ƙara kauri, inuwar tsoka ta ƙara duhu, allon ya faɗaɗa. Abin da na yi kewa shi ne kiɗan. Tsuneo Imahori ne ya yi na zango na farko, da jita da ganguna masu ƙazanta-ƙazanta, irin na unguwar ma'aikata, ya dace da warin zufar gidan Kamogawa. Daga 2009 Yoshihisa Hirano ya karɓa, ya kawo kiɗan manyan goge da ƙahoni. Ya yi kyau a damben duniya, amma a wurin atisaye sai in ji kamar an sa wa wurin kaya masu tsada da ba nasa ba.

Abba Fagge: Kuma a New Challenger ne Date ya koma ya fuskanci Ricardo Martinez na Meziko, shekara bakwai bayan ya yi masa tabo a hanci. Haƙarƙari a karye, muƙamuƙi a karye, hannun dama a karye, ya samu damar da ya jira duk rayuwarsa, ya kai naushin nan nasa na saitin zuciya, ya sauka daidai, amma babu ƙarfi a hannun. Hafsat, wannan ma kin san ƙarshensa tun farko?

Hafsat Zariya: Na san zai faɗi mana. Yadda zai faɗi ne ban sani ba. Kuma ka sake kawo mini wanda ya faɗi.

Sadiya B.: Ni tambayata daban. Ba ku ga yadda ake zana 'yan ƙasashen waje ba? Hawk Ba'amurke an mai da shi dabba, jajayen idanu, ba ya atisaye, ba ya girmama kowa. Sojan Amurkan nan Anderson na ƙarshen Rising ma haka. Kamar dai in ba Bajafane ba ne sai ya zama dodo.

Abba Fagge: Ba duka ba. Jason Ozuma baƙar fata ne, sojan Amurka, kuma babu mai ladabi da taushin zuciya irinsa a zango na farko. David Eagle Ba'amurke ne, ya ƙi dukan idon Takamura da ya fashe har sai da aka tilasta shi. Ga Volg. Shi Ricardo ma dattijo ne a ringi.

Sadiya B.: Na karɓi Ozuma da Eagle. Amma na Anderson har yanzu yana yi mini kama da huce haushin yaƙi.

Baffa Ado: 'Yata, ai huce haushin ne, ba su ɓoye ba. Ƙasarsu na ƙarƙashin sojan Amurka daga 1945 zuwa 1952, birane sun ƙone, ita yarinyar da ke tsakanin Kamogawa da abokinsa Nekota daga Hiroshima ta fito da ciwon bam a jikinta. Labarin da aka ɗora a wannan lokacin ba zai fito da sojan mamaya da fuskar malami ba. Ni wannan ɓangaren ne ma ya fi kama ni a Rising, inda Kamogawa ke dukan gungumen itace da hannu yana cusa shi cikin tudu. A nan na gane me ya sa tsohon yake da taurin kai a kusurwa.

Wani abu kuma da ban ji kun ambata ba. Ajin Ippo, kilo 57, ajinmu ne mu 'yan Afirka ta Yamma. Hogan Bassey ɗan Kalaba a wannan ajin ya ci kambun duniya a Paris a 1957, ya doke Cherif Hamia, tun kafin a ba mu mulkin kai. Azumah Nelson na Gana shi ma a nan ya doke Wilfredo Gomez a 1984. In kuna son ganin yadda gajere mai kutsawa ciki ke yi a zahiri, ku nemi bidiyon Azumah.

Nura Gwammaja: Baffa, labarin bayan yaƙin ma hujjata ce. A littafin, bayan damben Hawk yake zuwa kai tsaye. A Rising sai aka ɗauke shi aka kai ƙarshe, aka ba shi kashi huɗu cur, shi ya sa ya numfasa ya yi daɗi. Shimabukuro kuwa, mai nutso a teku daga Okinawa, wanda ya fara gano lagon Dempsey Roll, an wuce da shi a guje. Sawamura da ya kamata a ce tsoronsa ya shige mu sannu a hankali, kafin ka gama sanin wane ne shi har an buga ƙararrawa. Ga muryar Kamogawa ta canja, domin Kenji Utsumi da ke yin ta tun farko ya rasu a 2013 kafin Rising ya fito, Shozo Iizuka ya karɓa. Wannan ba laifin kowa ba ne, kuma ya yi ƙoƙari, amma kunne ya riga ya saba.

Ummi Mai Zane: Ƙarin abin da ya dame ni a Rising shi ne hayaƙi da iska. Kowane naushi sai an zana masa guguwa fara ta biyo hannu, har ta rufe jikin mutanen. A zango na farko kana ganin ƙafa ta juya, ƙugu ya bi, kafaɗa ta bi, sannan hannu. A Rising sau da yawa iskar kake gani, ba jikin ba. Hoton ya fi tsabta, amma damben ya fi wuyar karantawa.

Mubarak Jos: To Khalifa ga shawara, tunda tsohon hoto ne ba ka so. Ka kalli Megalo Box na 2018, kashi 13 ne kawai, kamfanin TMS ya yi shi don cikar Ashita no Joe shekara 50. Abin dariyar shi ne, da gangan darakta Yo Moriyama ya sa aka rage wa hoton kaifi don ya yi kama da na zamanin kaset. Abin da kake gudu, su da kuɗinsu suka saye shi. Zango na biyu, Nomad na 2021, ya ma fi, don can dambe ya koma gefe, labarin ya zama na baƙin haure da mutumin da ƙwaya ta kama.

Abba Fagge: Megalo Box kiɗansa da yanayinsa sun yi, amma a matsayin dambe bai kama ƙafar Ippo ba. An ɗaura wa mutane ƙarafa a kafaɗa, amma ba a taɓa zaunar da kai an nuna maka me ƙarfen ke ƙarawa, ta ina ake kauce masa ba. A Ippo kafin a shiga ringi ka san matsalar: hannun Mashiba ya fi tsawo, to ta yaya gajere zai isa gare shi? Sai ka ga amsar da idonka, yana dukan gwiwar hannun da Mashiba ke karewa da ita har nasa dunƙulen ya karye.

Mubarak Jos: Wannan kuma gaskiya ne, ban musa ba. Kowanne da abin da ya sa gaba.

Yusuf Ɗan Manga: Ku kuna ta musu a kan anime, mu da ke karanta littafin muna kallonku kawai. Tun 1989 ake buga shi a mujallar Shonen Magazine, ya haura juzu'i 140, abin da aka mayar anime bai kai rabi ba. Kuma Baffa, wannan dukan kan da kake ƙorafi a kai, marubucin bai manta ba. Can gaba sai da ta kai Ippo ya

Sani Admin: Yusuf! Na goge sauran. Wannan gargaɗi na ƙarshe ne, wanda ya ƙara fasa abin da ke gaban Rising zai huta mako guda a waje.

Yusuf Ɗan Manga: Tuba nake shugaba. Amma tun Maris 2014 da Rising ya ƙare kuke jiran zango na huɗu, gara ku koyi karatu.

Hafsat Zariya: Har yanzu dai ba wanda ya kawo mini dambe guda da Ippo ya ci wanda shi ne abin tausayi ko abin tunani a ciki, ba abokin karawarsa ba.

Nura Gwammaja: Karo na biyu da Sendo, ƙarshen zango na farko a zauren Korakuen. Babu mugu, babu mai uwa a asibiti, mutum biyu ne kowanne na tsoron ɗayan kuma yana son haɗuwa da shi. Ippo ya shigo da raunin kayen da Date ya yi masa. Sendo ya tare Dempsey Roll ta hanyar matsowa gaba ya toshe lilon tun kafin ya kankama, dole Ippo ya sake lissafi a tsakiyar wuta: dukan hanta ya tsayar da shi, naushin zabura ya ɗaga masa haɓa, sannan lilon ya biyo baya. Abu uku da muka ga ya koya ɗaya bayan ɗaya tun daga farkon shirin, a ranar suka haɗu.

Hafsat Zariya: Wannan lissafi ne mai kyau, ba hali ba ne. Ni damben da ya fi duka a wajena babu Ippo a ringin ma. Kimura ne da Mashiba. Ɗan mai sayar da furanni, wanda aka saba yi wa dariya, ya samu dama guda a rayuwa, ya ƙirƙiro naushi daga kallon kifin da yake kiwo yana tsalle daga ruwa, ya kai Mashiba ƙasa, sannan hankalinsa ya gushe yana tsaye, hannunsa a miƙe, saura 'yan santimita ya isa.

Abba Fagge: A nan kam ba mai ja da ke.

Khalifa KD: To ya isa, kun sa na ji kamar na yi asara. Ta ina zan bi? Kuma zan iya tsallakewa zuwa Hawk ɗin kai tsaye?

Abba Fagge: In ka tsallake, Takamura zai zame maka wani ƙato mai ihu kawai. Zango na farko, sai Champion Road, sai Mashiba da Kimura, duka biyun na 2003 ne, sannan New Challenger, sannan Rising. Ka daure har damben Mashiba da Ippo, in bai kama ka ba a nan ka ajiye, ba wanda zai ce maka komai.

Ummi Mai Zane: Ka sa abin ji a kunne, rabin aikin a sauti yake. Kuma duk inda ka ga su Takamura sun nufi wurin wanka, ka tabbata Hajiya ba ta bayanka.